Yadda Ake Tace Magana Kafin a Ba da Kuɗi, Ƙuri'a ko Amana

Mutumin karkara a Kano da Jigawa ba ya rasa mai yi masa magana. Ran Alhamis a Maigatari dillali na jiransa, ran Juma'a a Wudil wani dillalin na jiransa. Mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika a kan mota yana zagaya kasuwa. Da dare in an kunna rediyo sojojin baka sun kama aiki, wannan ya wasa ubangidansa, wancan ya yi masa zambo. Waya ma ta zo da nata: murya ce ake turowa a WhatsApp, ba suna, ba gari, ba rana, sai dai "ka tura wa 'yan'uwa". Duk waɗannan abu ɗaya suke nema a wurinka, wato ka yarda. Yardar kuwa biyan ta ake yi, da kuɗin taki, da ƙuri'a, da lafiyar yaro, wani lokaci har da zumunci.

Iya magana baiwa ce, mai gaskiya ma yana buƙatarta. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana cewa a cikin iya bayani akwai sihiri, kuma ya gargaɗi masu kawo masa shari'a cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, alhali haƙƙin ba nasa ba ne. Abin da ya kamata a riƙe shi ne magana ba ta zuwa tsantsa. Tana zuwa ne kamar geron da aka sussuke ba a sheƙe ba, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe, kuma aikin rabewa a wuyan mai sauraro yake. Ga yadda ake yin sa.

Mataki na farko: kada ka amsa a tsaye

Kafin komai, ka sama wa kanka lokaci. A kasuwa ka ce, "Bari in zaga in dawo." A gida ka ce, "Sai na yi shawara." A waya ka ajiye ta har bayan sallah ta gaba. Daga nan ka maimaita maganar da bakinka, a zuci, ba tare da rantsuwa da kirari da ɗaga murya ba. Sau da yawa maganar da ta cika kunne na tsawon minti biyar, in ka maimaita ta a sanyaye, jimla biyu ce kacal.

Mataki na biyu: farfasa maganar gida-gida

A nan aikin yake, don haka zan daɗe a kansa. Ka ɗauka ka tsaya gaban mai taki ana gab da damina, ya ce maka:

"Alhaji, Allah ya ja kwana, ai irinku manyan manoma ba a nuna muku ƙaramin kaya. Wannan kamfa 20-10-10 ne, buhu kilo 50, ya fi duk wani taki a kasuwar nan. Duk mutanen Kura shi suke zuba wa shinkafa. Ka sa shi, wallahi buhu 40 za ka ɗauka. Buhu 3 ya rage min, gobe kuɗi zai tashi."

Da ka ji ta a dunƙule sai ta yi daɗi. To, a ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya.

"20-10-10 ne, kilo 50 ne." Wannan magana ce da ake iya dubawa. Lambobin a rubuce suke a jikin buhu, nauyin kuma sikeli zai faɗa. Lambar farko tana nuna kason naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, a cikin kowane kilo 100. Saboda haka buhun 20-10-10 mai kilo 50 yana da kilo 10 na wannan sinadari, buhun 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi, buhun yuriya kuwa, mai lamba 46, yana da kilo 23. Wannan lissafi ba ruwansa da son ran mai saye ko mai sayarwa.

"Ya fi duk wani taki." Wannan ra'ayi ne. Ya fi a me? A gonar jigawa ko a fadama? Ga masara ko ga gyaɗa? Gyaɗa da wake ba sa buƙatar naitirojin da yawa kamar masara, don haka takin da ya fi wa mai masara ba lallai ya fi wa mai gyaɗa ba.

"Duk mutanen Kura shi suke zuba wa." Wannan ta yi shigar abin da ya tabbata, amma "duk" ɗin ta tona ta. Wa ya bi manoman Kura gona-gona ya tambaye su?

"Buhu 40 za ka ɗauka." Alkawari ne a kan abin da bai faru ba. Bai san irin da za ka shuka ba, bai san ƙasarka ba, bai san ruwan bana ba. Bai ma faɗi girman gonar ba, alhali hekta guda ta kai kusan eka biyu da rabi, kuma dukansu akan kira su kadada.

"Buhu 3 ya rage." Yana iya zama gaskiya, amma an faɗe ta ne don a hana ka zagawa. "Irinku manyan manoma" kuwa ba ta faɗi komai a kan taki ba, kai aka yi wa kirari.

Ka ga daga magana shida, ɗaya ce ke tsaye da ƙafarta. Ma'aunin da za ka riƙa amfani da shi ga kowace gaɓa shi ne wannan tambaya: in aka aiki mutum biyu da ba sa ga-maciji su je su duba, za su dawo da amsa ɗaya? In za su dawo da amsa ɗaya, magana ce ta tabbaci. An ƙirƙiri Jigawa daga tsohuwar jihar Kano a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44. Ɗan kowace jam'iyya ya duba haka zai tarar. Amma "rabuwa da Kano ta amfani Jigawa" ra'ayi ne, za a iya kwana a majalisa ana kafa hujjoji a kai ba a gama ba.

A lura da wani abu da kan rikita mutane. Don magana ta zo da lamba da shekara, ba shi ke nan ta zama gaskiya ba. Wanda ya ce an ƙirƙiri Jigawa a 1987 bai faɗi ra'ayi ba, kuskure ya yi, domin Katsina ce aka ƙirƙira a wannan shekarar. Ke nan abin da ake iya dubawa sai an duba shi tukuna. Rabewar tana nuna maka inda za ka kai ƙafarka ne kawai.

Shi kuma ra'ayi ba abin jefarwa ba ne. Rayuwa ba ta tafiya sai da shi: wace gona za a fara shukawa, a sayar da hatsi da kaka ko a ajiye zuwa bazara, wa za a ba 'ya. Sai dai ra'ayi hawa-hawa ne. Dattijon da ya shekara da shekaru yana noman fadamar Haɗeja in ya ce, "A ganina kada ka shuka a wancan kwarin," ra'ayi ya faɗa, amma ka ce masa me ya sa, zai lissafa maka shekarun da ruwa ya ci wurin. Ra'ayin da ke da nauyi shi ne wanda in ka tona ƙarƙashinsa ka tarar da abubuwan da ake iya dubawa. Wanda in ka tambayi dalili aka ce "haka dai nake ji a jikina," ka saurara da ladabi, amma kada ka ɗora dukiyarka a kai.

Akwai gida na uku, wato hasashe. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Wannan kirdado ne da aka gina a kan awo, yana iya cika, yana iya saɓawa. Bai kai tabbaci ba, ya kuma wuce shaci-faɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa ya san gargaɗin ambaliya abin shiri ne ko da bai tabbata ba. Ana auna hasashe ne da nauyin asarar da za a yi in ya cika.

Mataki na uku: kasa kunne ga kalmomin da ke tona asiri

Mai gaskiya yakan sa wa ra'ayinsa alama da kansa: a ganina, ina jin, ina tsammani, gara, ya kamata, bai dace ba. Wannan ba matsala. Matsalar tana wurin ra'ayin da aka sa wa rigar tabbaci: kowa ya sani, ba sai an faɗa ba, ko makaho ya shafa ya ji, masana sun tabbatar, wata majiya mai tushe ta ce. Da ka ji ɗaya daga cikinsu, ka tambayi kanka wane ne kowan, su wane ne masanan. Haka kalmomin da ba sa barin ƙofa: duk, babu ko ɗaya, kullum, har abada.

Sai kuma kalmar da aka ɗora wa kaya. Abu ɗaya ne ya faru, ɗan siyasa ya bar jam'iyyarsa ya koma wata. Masoyinsa a rediyo ya ce "ya amsa kiran jama'a", maƙiyinsa ya ce "ya ci amana". Ka cire kalmomin biyu, ka mayar da ta fili: ya bar nan ya koma can a rana kaza. Abin da ya rage bayan ka cire shi ne labari, abin da ka cire shi ne hukuncin mai magana.

Mataki na huɗu: bi sawun labari zuwa bakin farko

Mu da muka tashi a gaban malamai bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Malaman hadisi ba su karɓi magana don ta yi daɗi ba, sai sun san wa ya ji daga wa, har zuwa tushe, kuma sun binciki amanar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da mu bincika in fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

Tambayoyin guda huɗu ne: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe, kuma shi mai faɗa maka a wurin wa ya ji. In aka ce "wani likita ne ya faɗa," ka nemi sunansa da asibitinsa. In aka ce "a wani gari," ka nemi sunan garin. Labarin da ya faru yana da gari da rana.

A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya ratsa ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin asuba. Mutane suka riƙa tashin iyayensu da kira. An kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa ransu. Waɗanda suka yaɗa saƙon ba maƙiya ba ne, 'ya'ya ne da 'yan'uwa masu neman tsare nasu. Abin lura ke nan: amanar wanda ya turo maka daban, ingancin labarin daban. Yayarka ba za ta yi maka ƙarya ba, amma ita ma turo mata aka yi.

A WhatsApp, saƙon da ya bi ta hannaye da yawa yakan zo da alamar kibiya biyu a samansa. Ka ɗauke ta a matsayin gargaɗi. Hoto da bidiyo ma sai an bi sawunsu, domin akan ɗauko hoton ambaliyar wata shekara ko rikicin wata ƙasa a ce jiya ya faru a maƙwabta. Ka dubi lambar mota, da rubutun allo, da shigar mutanen, da harshen da suke yi. In akwai mai babbar waya a gidan, ya sa hoton a Google Lens ya ga ko ya taɓa fitowa a baya. Yanzu ma ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, don haka murya kaɗai ba shaida ba ce.

Mataki na biyar: me mai maganar zai samu?

Dillali la'ada yake ci, sojan baka yana da mai ɗaukar nauyinsa, shirin maganin da ake yi a rediyo fili ne aka saya. Wannan bai mayar da su maƙaryata ba. Yana nufin dai shaidarsu ita kaɗai ba ta isa ba, sai ka haɗa da ta wanda ba zai samu ko sisi ba.

Mataki na shida: san dabarun da sunansu

Dabarar da ka sani ta rage ƙarfi a kanka. Kirari da zuga mun riga mun gani. Ƙanwarsu ita ce kunyatarwa: "Haba Alhaji, kamar kai a ce kana taya kaya haka?" An mayar da ciniki gwajin mutunci, don ka ji nauyin cewa a'a.

Gaggawa da tsoro tare suke tafiya. Mai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. Banki ba ya neman lambar sirrinka ta waya. Duk inda ka ji an haɗa barazana da ƙurarren lokaci, ka koma mataki na farko.

Shaidar mutum ɗaya dabara ce mai ƙarfi, domin mutumin na gaske ne kuma ka san shi. Da ita harkar zuba kuɗi ta MMM ta ci jama'a, tana alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, har ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Da ita wata irinta, CBEX, ta ci wasu kafin ta rushe a watan Afrilu na 2025. Na farko-farko ana biyan su da kuɗin na baya, su kuma su zama masu talla da zuciya ɗaya. In aka nuna maka wanda ya samu, ka tambayi nawa ne suka zuba, nawa ne suka fita lafiya, kuma wace sana'a ce ke haifar da wannan ribar. Haka mai maganin da ke kawo wanda ya warke. Waɗanda suka sha ba su warke ba ba a kawo su gaban lasifika.

A kan magani akwai abin da nake so kowane magidanci ya sani. Mai talla yakan ɗaga kwalba ya ce, "Ga lambar NAFDAC." Yawancin magungunan gargajiya lambarsu da harafin L take ƙarewa, kuma a jikin takardar akan rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Lambar tana magana ne a kan rajista da gwajin rashin cutarwa. Ba ta ce kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da shawara da ciwon suga gaba ɗaya ba. Ka sa ɗan makaranta ya karanta maka ƙananan rubutun.

Rantsuwa da jingina da addini su ne suka fi mana wuyar ƙi, saboda muna girmama sunan Allah. Amma rantsuwa ba ta ƙara wa buhu nauyi, kuma aya ko hadisin da aka karanto gaskiya ne a kan kansa, sai dai a duba ko ya hau kan abin da ake sayarwa. Girmama sunan Allah bai hana ɗora kaya a sikeli ba.

A siyasa za ka fi haɗuwa da uku. Akwai zaɓi biyu na dole: "Ko ka zaɓe mu ko a koma gidan jiya," kamar babu hanya ta uku. Akwai barin magana a kama mai magana: an tambayi ina kuɗin gyaran asibiti, sai a ce mai tambayar ai ɗan wane ne, an san tarihinsa. Ko da tarihin nasa baƙi ne, tambayar tana nan ba a amsa ba. Sai lamba marar gindi: "Mun ƙara kashi 50 cikin 100," ba a faɗi a kan nawa aka ƙara ba, "Mun haƙa rijiyoyin burtsatse 200," ba a faɗi garuruwan ba, ba a faɗi nawa ke ba da ruwa yau ba.

Dabarar da ta fi duka haɗari ita ce a kafa gaskiya a ɗora mata abin da ba a tabbatar ba. Mu a nan mun ɗanɗana ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, kuma 11 suka rasu. Wannan ya faru, an yi shari'a, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da maganar rigakafin shan inna ta taso a 2003, sai aka ce allurar ɗigon tana ɗauke da abin hana haihuwa, kuma mutane da yawa suka kafa hujja da abin da ya faru a 1996. Tsoron iyaye yana da dalili, ba wanda zai zarge su da shi. Amma maganganun biyu ne: ta farko tabbatacciya, ta biyu zargi ne mai buƙatar hujjarsa daban. Kano ta dakatar da rigakafin, ba ta dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a wancan lokaci, yanzu manya ne, suna cikinmu. Saboda haka duk lokacin da ka ji "tunda kaza ya faru, to kaza ma haka ne," ka tsaya a kan "to" ɗin. Ka yarda da ta farko, ka nemi hujjar ta biyu.

Mataki na bakwai: je ka duba

Gani ya kori ji. Abin da ya shafi nauyi, sikeli. Abin da ya shafi farashi, ka kira wanda ke Dawanau ko Gujungu ka ji nawa aka sayar a kasuwar da ta ci, kada ka tsaya a bakin mai saye da ya zo har ƙofar gida. Abin da ya shafi iri da taki da maganin feshi, malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa. Irin da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar yana da suna da lamba, irin su SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa. In mai sayarwa ya ce ingantacce ne, ka nemi sunan. Abin da ya shafi lafiya, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Sanarwar gwamnati kuwa, ka jira ka ji ta a labaran tashoshi biyu da ba na gida ɗaya ba, ko ka tambayi dagaci ko takarda ta iso. Akwai kuma masu aikin bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check ga mai intanet.

A gona kana iya zama alƙalin kanka. In an yaba maka sabon taki, kada ka zuba wa gonar duka. Ka ware kunya 10 ka sa sabon, ka ware 10 a gefensu ka sa wanda ka saba. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, kuma kada ka ba sabon gefen da ya fi danshi ko inda shanu suka kwana. Da kaka ka girbe kowanne daban, ka auna da kwano ɗaya, ka rubuta. In da hali ka maimaita baɗi, domin damina ɗaya takan yi ruɗi.

Wani lokaci za ka bincika ba ka samu amsa ba. To, akwai wurin ajiye magana tsakanin "na yarda" da "ƙarya ce", shi ne "ban tabbatar ba tukuna". Mutane da yawa suna jin kunyar tsayawa a nan, alhali nan ne mafi yawan labaran da ke shigowa waya ya kamata su zauna.

Mataki na takwas: tambaya ba tare da raini ba

A ƙauye wannan shi ne mai wuyar, domin mai kawo labarin sau da yawa babba ne, kuma tambaya tana iya zama kamar ƙaryatawa. Dabarar ita ce ka ɗora buƙatar a kanka. Ga mahaifi ko sa'ansa: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, a bakin wa aka fara jin wannan? Ina so in kai wa mutanen gida, kada su tambaye ni in rasa amsa." Ga malami: "Allah ya gafarta Malam, a ƙara mana haske, a wane littafi za mu same shi?" Malamin kirki murna yake da wannan tambaya. Ga dagaci: "Ranka ya daɗe, ko takardar ta iso, mu san ranar da za mu shirya?" Ga mai kaya: "Malam, a ɗora mana a sikeli, don hankalina ya kwanta." Uwargida kuma in dillaliya ta shigo da maganin da aka ce yana sa yaro ƙiba, ta isa ta ce, "Yaya, bari maigidan ya dawo ya gani, in ya so gobe kya biyo."

Ka lura da yadda aka karɓi tambayar. Mai abin gaske yakan amsa, ko ya ce bai sani ba. Wanda ya fusata, ko ya ƙara rantsuwa, ko ya ce "ashe ba ka yarda da ni ba," ya bar maganar kaya ya koma maganar zumunci. Kada ka biye masa, ka ce, "Wane ni, yarda ce ta sa na tsaya a wurinka," ka sake maimaita tambayar a hankali. Dattijo kuwa ba a gyara masa a tsakiyar majalisa. Ka same shi shi kaɗai bayan an watse.

Mataki na tara: in kai ne mai magana

Duk abin da aka faɗa a sama yana hawa kanka ranar da kai ne ke neman a yarda da kai, ko a taron ƙungiyar manoma, ko a sulhun iyakar gona, ko wajen shawo kan ɗan'uwa ya kai matarsa awo. Ka fara da abin da ka gani da idonka, ka faɗi wuri da rana. Abin da ji ka yi, ka ce ji ka yi, ka faɗi a wurin wa. Sa'an nan ka ce "a ganina," ka kawo ra'ayinka da dalilansa. Karin magana da tausasa murya da kiran mutum da sunan girma duk halal ne, muddin suna rakiyar hujja. Ka faɗi abin da ke gefen abokin jayayyarka kafin shi ya faɗa, domin masu sauraro sun riga sun san shi.

Kafin ka danna tura saƙo, ka tuna hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. In saƙo ya riga ya fita daga wayarka, daga baya ka gano ba haka ba ne, ka koma zauren da ka tura shi, ka goge, ka rubuta ko ka yi murya cewa labarin bai inganta ba, ka faɗi inda ka samu gyaran. Waɗanda ka tura wa ɗaya-ɗaya, ka bi su ɗaya-ɗaya, ka roƙe su su ma su sanar da waɗanda suka tura wa.